Cutar da ta biyo dankali: daga Ayilan zuwa lambunan Jos

'Yan uwa, duk wanda ya tashi a Jos Jarawa ko wata unguwa ta garin nan ya san halin watan Agusta. Rana takan yi kwana uku ba ta leƙo ba, yayyafi ba ya tsayawa, wanki ba ya bushewa a igiya. A irin wannan lokaci na marka ne mutum zai fita da safe ya duba 'yan kunyoyin da ya yi a bayan gida, sai ya ga ganyen dankalinsa ko na tumatirinsa ya yi wasu tabo masu duhu kamar an ɗiga masa ruwan zafi. Kafin mako ya zagayo duk shukar ta yi baƙi ta kwanta, har da warin ruɓa. Wasunmu sukan ce sanyi ne ya buge ta, wasu su ce ruwa ne ya yi yawa, wasu ma su ɗora laifin a kan bakin mutane. Malaman gona kuwa bilait suke ce wa abin, wato cutar ƙunar ganye. Tana da dogon tarihi, har da yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan guda a Turai. Mun ga ya kamata mu kawo tarihin nan, domin wanda ya san inda cuta ta fito da hanyar da take bi, ya fi sanin inda zai tare ta.

Yadda dankali ya hau dutsen nan

Duk da sunansa, dankalin turawa ba ɗan asalin Turai ba ne. Mahaifarsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajajen ƙasashen Peru da Bolibiya na yau, inda aka shafe dubban shekaru ana nomansa. Mutanen Sifaniya ne suka kai shi Turai a wajajen 1570.

A nan dutsen Jos, kafin zuwansa, abin da Afizere, waɗanda ake kira Jarawa da Hausa, da Anaguta da Birom suke nomawa shi ne acca da tamba da dauro da rizga da gwaza. Kuza ce ta jawo baƙon. Tun kafin zuwan Turawa akwai masu narka kuza a Liruwe, kuma ita ce Turawan kamfani suka gani a kasuwanni suka bi sawunta har zuwa tushe. A farkon shekarun 1900 suka kafa sansani a wajajen Tilden Fulani da Naraguta. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos, a 1927 kuma babban layi ya shigo ta Kafanchan. Gari ya cika da Turawan haƙar kuza da 'yan mishan da leburori da fatake daga Kano da Katsina da Zariya da Bauchi da Borno da ƙasashen kudu.

Turawan nan suna son cimar ƙasarsu, kuma sun tarar da wuri mai tsayin sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, mai sanyin dare, wanda dankali da kabeji da karas da latas za su yi a cikinsa. A lambunan gidajensu da na mishan aka fara shuka waɗannan kaya, daga nan irin ya fita zuwa hannun masu yi musu aiki da manoman kewaye. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, musamman bayan Japan ta ƙwace ƙasar Malaya mai arzikin kuza a 1942, Ingila ta matsa wa dutsen nan lamba. A lokacin ne aka yi aikin tilas da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza. A lokacin ne kuma gwamnatin mulkin mallaka ta zaburar da noman dankali don ciyar da sojojinta.

Kakanninmu da suka zo aikin kuza ko fatauci sun zo da wata sana'a da suka gada, wato noman fadama da ban ruwa da jigo. Suka kama bakin kogin Dilimi da rafuka, daga baya da ramukan kuza da suka cika da ruwa, suka mai da su lambuna. Ƙasar da haƙa ta lalata suka riƙa farfaɗo da ita da kashin shanu da tokar juji. A hankali noman rani ya zama na kowa da kowa, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, dankali kuma ya bazu zuwa Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin da Riyom. Yau mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Najeriya daga jihar Filato yake fitowa, kuma duk wanda ya je kasuwar Maikatako ko ta Mangu a lokacin kaka ya ga shaida. Sai dai an karɓi irin ne ba tare da an karɓi labarin abin da ke binsa a baya ba.

Abin da ya faru a Ayilan

A kasuwa har yau airish muke ce wa dankalin nan, wato na mutanen Ayilan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas, kuma kimanin miliyan uku daga cikinsu, talakawa masu noma a gonakin haya, ba su da wata cima sai dankali safe da rana da dare. Galibinsu kuma iri ɗaya suke shukawa, wani mai suna Lumper, saboda yana ba da yawa ko a ƙasa marar ƙarfi.

A 1843 aka ga wata baƙuwar cuta tana ƙona dankali a gabashin Amurka, wajajen Filadelfiya da New York. A damina ta 1845 ta bayyana a Beljiyam, cikin 'yan makonni ta ratsa Holan da Faransa da kudancin Ingila, a watan Satumba ta shiga Ayilan. A shekarar farko ta cinye wani babban kaso na amfanin gona. A 1846 kusan ba abin da ta bari. Mutane sukan haƙo dankali da kyan gani su ajiye, bayan 'yan kwanaki su tarar ya narke a rumbu. Daga 1845 zuwa 1852 mutum kusan miliyan guda suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke binta, sama da miliyan guda kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Cutar ba ita kaɗai ta yi wannan ɓarna ba. A cikin shekarun nan ba a daina fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin zuwa Ingila ba, kuma masu gonaki sun kori dubban iyalai da suka kasa biyan haya. Amma cutar ce ta buɗe ƙofa, kuma dogaro da iri ɗaya ne ya sa ta shiga ba tare da wani ya tare ta ba.

Abin lura shi ne, Turawan wancan zamani sun yi irin gardamar da muke yi a bayan gidajenmu. Manyan masana suka ce laima da sanyi ne suka ruɓar da shuka, fumfunar da ake gani a ganye kuwa daga baya ta zo. Wani limamin coci a Ingila mai nazarin tsirrai, Miles Berkeley, ya ce a 1846 fumfunar ita ce sanadi, aka ƙi yarda da shi. Sai a 1861 wani Bajamushe, Anton de Bary, ya tabbatar da haka ta hanyar gwaji: ya shafa fumfunar a kan lafiyayyar shuka ta kamu, wadda bai shafa wa ba ta tsira, alhali duk laima ɗaya suke sha. Shi ne daga baya ya raɗa mata sunan da take da shi a littattafai, Phytophthora infestans, kalmar farko tana nufin mai hallaka tsiro. Daga wannan bincike ne ilimin cututtukan tsirrai ya kafu. Ma'anarsa a gare mu ita ce, marka ba ta haifar da cutar, shimfiɗa kawai take yi mata. Idan babu ƙwayar cutar a kusa, ko ruwa ya kwana arba'in ganye ba zai ƙone irin wannan ƙuna ba.

Maganin farko ma da tsautsayi aka same shi. A yankin Bordeaux na Faransa masu gonakin inabi sukan yayyafa haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa a kan itatuwan bakin hanya don masu wucewa su ji tsoron tsinka. A 1882 wani masani, Millardet, ya lura cewa itatuwan da aka yayyafa wa haɗin ba su kamu da cutar ganye da ta addabi sauran ba. A 1885 ya bayyana sakamakon gwajinsa, ba da jimawa ba aka fara amfani da haɗin a gonakin dankali. Tun daga ranar har yau ƙa'idar ba ta canza ba: maganin yana zama ne a bayan ganye ya hana ƙwayar cuta shiga. Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya dawowa.

Mu ma mun ɗanɗana

Arewa ba baƙuwar irin wannan masifa ba ce. Manyanmu suna tuna 1975, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya. Ta zo ne a kan gajiyar farin farkon shekarun 1970, kuma tana cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A 2016 kuma tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye lambunan Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Duk mun ga yadda kwando ya yi tsada a Farin Gada a shekarar.

Namu rabon na bilait ya fito fili a daminar 2014, lokacin da ta faɗa wa gonakin Bokkos da maƙwabtanta, manoma da yawa suka tashi ba ko irin shekara mai zuwa. Tun daga lokacin ba ta tafi ba, a 2022 ma ta sake yin mummunar ɓarna a ƙananan hukumomin da ke noman dankali. Wanda ya ci bashin taki ya rasa abin biya, mai dako da mai mota da mai suyar dankali a bakin titi duk suka ji a jikinsu.

Me ya sa ta samu wurin zama a nan? Ƙwayar cutar tana son sanyi mai sauƙi, kamar daga maki 10 zuwa 20 a ma'aunin zafi, da ganyen da ya daɗe a jiƙe. Wannan shi ne Yuli da Agustan Jos. Idan ta sauka a ganye, cikin kwana huɗu zuwa biyar takan fito da sababbin ƙwayoyi, waɗanda ake gani da sassafe kamar farin gari a ƙarƙashin ganye, a gefen tabon. Iska ta kwashe su zuwa gonaki masu nisa, ruwan sama kuma ya wanke su zuwa cikin ƙasa su kama 'ya'yan. Idan aka yanka ɗan dankalin da ya kamu, za a ga launin tsatsa a ƙarƙashin fatarsa.

Idan rani ya yi, mafakarta ita ce jikin dankali mai rai: irin da aka ajiye, da ruɓaɓɓen da aka zubar a gefen gona, da gyauron da ya tsiro da kansa. Mu kuwa mun saba ware iri daga girbinmu ko mu sayo ƙananan 'ya'ya a kasuwa, shekara da shekaru, hannu zuwa hannu. Ga shi kuma dankali da tumatir ba sa yankewa a ƙasar nan, na damina na fita na rani na shiga. Ta hanyar irin nan ne wasu cututtukan ma suke tafiya. Akwai ta yaushi, wadda bakteriya ke kawowa, shuka ta yanƙwane da rana tsaka alhali ƙasa a jiƙe take. Ana gane ta idan aka yanke karan aka tsoma a kofin gilashi mai ruwa, sai a ga wani farin abu kamar madara yana zubowa daga bakin yankan. Ita ba ta da maganin feshi, kuma takan daɗe a cikin ƙasa. Akwai kuma cututtukan bairos masu nannaɗe ganye, waɗanda ke sa iri ya riƙa ƙanƙancewa kowace shekara har manomi ya ce irinsa ya gaji.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙarin. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Umudike, tana da reshen dankali a Kuru, kusa da mu. A 2023, tare da haɗin gwiwar cibiyar dankali ta duniya da ke Lima a ƙasar Peru, aka fitar da sababbin iri huɗu masu juriyar bilait: Unica da Juriya da Babban da Kyau. Uku daga cikinsu da sunan Hausa aka raɗa musu. Juriya dai ba ta nufin ba za su taɓa kamuwa ba, amma suna ba manomi lokaci kuma suna rage yawan feshi.

Abin da tarihin ya bar wa mai lambun bayan gida

Wani zai ce shi kunya biyar gare shi da buhu goma na tumatir a jikin katanga, ina ruwansa da labarin masu hekta? Ai ƙwayar cutar ba ta san katanga ba. Kunya biyar da aka bari ta ruɓe a tsakiyar unguwa za ta iya zama tushen da zai shafi lambunan layi gaba ɗaya. Saboda haka rigakafin ya fara tun daga iri. Dankalin da aka sayo don miya ba iri ba ne. A nemi mai tsabta ta hannun malaman gona, kuma duk wanda ke da tabo ko laushi a fitar da shi. Kada a zuba duka lambun da iri ɗaya, Lumper ya ishe mu darasi.

Wurin da aka shuka dankali bana, kada a maimaita shi baɗi, kuma kada a maye gurbinsa da tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta, domin duk dangi ɗaya ne kuma suna tarayya a cututtuka da dama. A sa masara ko wake ko kabeji na shekara biyu ko uku. A ba shuka tazara don iska ta ratsa, a ɗaure tumatir a jikin sanda, a cire ganyen da ke taɓa ƙasa. Ban ruwa a yi shi da safe a gindi, domin ganyen da ya kwana a jiƙe shi cutar ke nema. A yi wa dankali huɗa mai kauri yadda ƙasa za ta rufe 'ya'yan sosai. Wanda ya shuka da ruwan farko, a Afrilu ko farkon Mayu, dankalinsa yakan yi nisa kafin marka ta kankama.

Idan marka ta shigo, a riƙa ɗaga ganye ana duba ƙarƙashinsa kowace safiya. Da zarar an ga tabo, a tsinke ganyen ko a tuge shukar, a sa a leda a fitar, a binne da zurfi ko a ƙone. Kada a jefa a juji ko a kwata, kada kuma a haɗa da takin da za a mayar lambu. Sannan a gaya wa maƙwabci. Ɓoye irin wannan labari ba ya amfanin kowa.

Game da feshi, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko maganin ƙwari a fesa wa bilait, kuɗi su tafi cuta na nan. Maganinta daban ne. Akwai mankozeb da masu sinadarin tagulla, jikokin haɗin nan na Bordeaux, waɗanda ake fesawa kafin cuta ta bayyana, a maimaita kamar kowane mako idan ruwa ya yi yawa, a tabbatar ya taɓa ƙarƙashin ganye. Akwai kuma masu shiga jikin shuka, irin masu metalaksil. Su ma suna da nasu tarihin: ba a daɗe da fara amfani da metalaksil ba, a 1980, aka samu nau'in cutar da ba ya jin sa a Ayilan da Holan, saboda an dogara da shi shi kaɗai. Don haka ba a jera shi sau da yawa, ana sassauya shi da wani. A bi awon da ke jikin takarda, a rufe hanci da hannu, kada a auna da cokalin girki, kada a bar yara kusa, kuma a jira kwanakin da aka rubuta kafin a tsinki abin da za a ci. Toka da ganyen darbejiya suna da amfaninsu wajen gyaran ƙasa da korar wasu ƙwari, amma ba sa tsayar da bilait idan ta shigo.

Idan cutar ta riga ta ci ƙarfin ganye kuma 'ya'ya sun ƙosa, a sare karan a fitar da shi, a bar dankalin a ƙasa kamar mako biyu kafin a haƙa, don fatarsa ta yi ƙwari kuma ƙwayoyin da ke saman ƙasa su mutu. A haƙa a ranar da babu ruwa, a shanya a inuwa, a tsince masu tabo kafin a zuba a buhu. Ɗan da aka bari a cikin ƙasa ya tsiro da ruwan farko, a tuge shi.

Kakanninmu sun mai da ramukan kuza lambuna ne da taimakon juna, wannan ya ara wa wancan jigo, wancan ya ba wannan iri. Abin da ya rage mana shi ne mu ƙara da lura da irin da muke ba juna. A kowace unguwa akwai masu lambu da za su iya haɗa kuɗi su sayi iri mai tsabta tare, su gayyato malamin gona kafin Yuli, su sa rana ɗaya ta feshi da ta kwashe ruɓaɓɓen dankali daga gefen lambuna. Wanda ya fara ganin tabo a bana, ya sanar da sauran tun da safe. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka shuka.